Iyakar Hannun Mai Kamu: Tarihin Ikon Dogari da Ɗan Doka da Ɗan Sanda a Wajen Huruminsu

A zamanin da, garuruwan ƙasar Hausa suna da wani fili kewaye da su wanda a ke kira hurumi. Ba a sayar da shi, ba kuwa wanda ya isa ya kafa shinge a cikinsa sai da yardar mai gari. Kalmar daga Larabci ta zo, tushensu ɗaya da haram da harami, watau abin da aka tsare aka hana taɓawa. Yanzu ta bar bayan ganuwa ta shiga ɗakin shari'a, har a kan ji lauya ya ce kotu kaza ba ta da hurumin jin ƙara kaza, ko a ce wa ma'aikaci abin da ya taɓa ba huruminsa ba ne. Ba banza kalmar ta yi wannan tafiya ba, gama tun asali iko a ƙasar nan abu ne mai fili, yana da inda ya fara, yana da inda ya ƙare.

Abin da wannan takarda za ta bincika shi ne hurumin mai kamu. Mutum ya yi laifi a ƙasar wani sarki, ya gudu ya shiga ƙasar wani. Wa ke da ikon ɗora masa hannu? Da sunan wa za a kama shi, kuma gaban wa za a kai shi? Cikin shekara saba'in, daga 1900 zuwa 1970, amsar wannan tambaya ta sāke fiye da sau ɗaya a Nijeriya ta Arewa, kowace sakewa kuwa ta bar alamarta a bakin mutane. Dogari sunan bawan sarki ne. Ɗan gadi daga Turanci aka aro rabin sunansa. Ɗan doka an jingina shi ga doka, watau umurnin hukumar gari. Ɗan sanda kuwa da kulkin da ke hannunsa aka san shi, don shi baƙo ne, ba a san gidansu ba, sai abin da ya ke riƙe da shi. Kowane ɗaya daga cikin huɗun nan da irin tasa iyaka.

Zamanin dogarai

Kafin zuwan Turawa, kamu aikin dogarai ne, shugabansu shi ne Sarkin Dogarai. Yawancinsu bayin sarki ne ko cucanawa. Su ke tsaron sarki, su ke kai saƙonsa, su ke kamo wanda aka yi ƙara, su miƙa wa Yari wanda aka ɗaure. Dogari ba shi da wani iko na kansa. Jar rigarsa da rawaninsa shaida ce cewa bakin sarki ne ke tafe, saboda haka ikonsa ya kan kai daidai inda maganar sarkinsa ta kai. Dogarin Kano a Birnin Kudu ko a Gwarzo sarki ne ƙarami. In ya taka ƙasar Katsina ko ta Zazzau ya zama manzo, sai ya sauka inda aka saukad da shi, ya jira a kai shi fada.

To, ƙaƙa a ke yi da wanda ya tsere? Hanyar ita ce wasiƙa. Sarki ya sa magatakarda ya rubuta wa ɗan'uwansa sarki da Larabci, a buga hatimi, a ambaci sunan mutumin da laifinsa, ko a siffanta bawan da ya gudu, ko dabbar da aka sata. Manzo ya kai. Sarkin da aka rubuta wa shi zai sa nasa dogarai su yi kamun, sa'an nan ya ga ko zai miƙa mutumin, ko zai sa alƙalinsa ya duba maganar a nan. Idan sarakunan biyu suka saɓa, sai a kai maganar Sakkwato ta hannun Waziri, ko Gwandu idan ƙasashen yamma ne.

Wannan al'ada tana da gindi a littattafan da alƙalai ke hukunci da su. Malaman Malikiyya sun yi bayanin wasiƙar alƙali zuwa ga alƙali, akwai fasali guda a kanta cikin Tuhfa ta Ibn Asim, an kuma kawo hukuncinta cikin Muhtasar na Halil. Gindin maganar shi ne, alƙali alƙali ne a cikin ƙasar da aka naɗa shi, in ya fita daga cikinta ya zama kamar sauran mutane. Abin da ya tabbata a gabansa sai ya rubuta, shaidu su tabbatar da cewa wasiƙarsa ce, alƙalin can ya zartar. Watau takarda ke ƙetare iyaka, hannun da zai yi kamu kuwa na masu ƙasa ne.

Abu guda ya kan sa a tsallake ba da takarda ba, shi ne bin sawu. In an kore shanu da dare, masu su ba za su tsaya neman magatakarda ba, sai su bi sawun tun yana ɗanye duk inda ya nufa. Amma ko su, in sawu ya shiga wani gari, ƙofar mai gari su kan fara tsayawa, don da ɗan gari a kan ci gari.

Akwai kuma ƙasashen da wasiƙa ba ta da amfani a cikinsu. Maraɗi da Tsibiri, inda Katsinawa da Gobirawan da suka ƙi bin Shehu suka kafa mulkinsu, da Abuja ta Zage-zagi, da duwatsun Ningi, da Damagaram, duk wanda ya kai can ya tsira daga dogaran Daular Usmaniyya. Ko a cikin daular ma, ranar da sarki ya bi abokin gabansa da kansa cikin ƙasar wani, abin ya wuce kamu. Haka ya faru a ƙarshen Basasar Kano, sa'ad da Sarki Tukur ya fita ya shiga ƙasar Katsina, Alu ya bi shi da runduna, aka gamu a Tafashiya cikin 1895, Tukur ya rasa ransa. Ba wanda ya kira wannan shari'a, sunansa yaƙi.

Masu kamu iri biyu a ƙasa ɗaya

Ɗan sanda daga bakin teku ya taso. Cikin 1861 Turawan Ingilishi suka kafa 'yan tsaro 30 a Ikko, ba da daɗewa ba aka ƙara su da Hausawan da ke zaune can, yawancinsu waɗanda suka kuɓuta daga bauta, har rundunar ta ɗauki sunan Hausa. Kamfanin Neja ya kafa tasa a Lakwaja cikin 1888. Da Gwamnatin Ingila ta karɓi mulki daga hannun kamfani ran 1 ga Janairu 1900, sai aka ɗebi wani sashi na mutanen kamfanin aka fara 'yan sandan Arewa da su. Bayan an ci Kano da Sakkwato cikin 1903 aka zuba su a manyan garuruwa.

Zaman bai yi daɗi ba. 'Yan sandan baƙi ne, ba su jin maganar hakimi, talakawa kuwa ba su san inda za su kai ƙararsu ba. Razdan-razdan da ke son a yi mulki ta hannun sarakuna suka ga wannan yana rage kwarjinin sarki. Saboda haka wajen 1907 zuwa 1908, zamanin Gwamna Girouard, aka janye 'yan sandan Gwamnati daga manyan ƙasashen sarakuna, aka mayar wa dogarai aikinsu. Da aka kafa Baitulmali sai aka yanka musu albashi daga ciki. Dokar En'e ta 1916, da waɗanda suka gaje ta cikin 1933 da 1943, da ta Jihar Arewa ta 1954, duk sun ɗora wa En'e nauyin tsare zaman lafiya da kamo masu laifi a cikin ƙasarta.

Daga nan mai kamu na En'e ya sami kansa tsakanin iyaka iri uku. Ta farko ita ce tsohuwar, watau iyakar ƙasar sarkinsa, sai dai yanzu an zana ta bisa taswira, an kuma tara ƙasashen cikin larduna, kowane lardi da Razdan. Ta biyu sabuwa ce, ita ce iyakar Bariki. Dokar garuruwa ta 1917 ta keɓe wuraren zaman Turawa da kantuna da tashar jirgi a Kano da Zariya da Kaduna da wasunsu, ta sa su hannun Joji da 'yan sandan Gwamnati. Sabon Garin Kano, wanda aka kafa wajen 1913 bayan isowar jirgin ƙasa, yana cikin wannan keɓewa, sai cikin 1940 aka mayar da shi ƙarƙashin En'e. Kafin wannan shekara, wanda ya yi ɓarna a kasuwar Kurmi ba ya bukatar tafiyar kwana uku kamar kakansa. In ya fita Ƙofar Mata ya ratsa Fagge, kafin tuwo ya huce ya shiga wata hukuma.

Iyaka ta uku ba a ƙasa ta ke ba, a jikin mutum ta ke. Ikon En'e da kotunanta bisa 'yan ƙasa ya tsaya. Bature, ko da a tsakiyar birni ya yi laifi, ba na dogari ba ne, ba kuwa na alƙali ba. Wannan ita ce iyakar da ta fi nuna wane ne mai ƙasar a lokacin nan, gama ɗan sandan Gwamnati yana iya shiga birni in Razdan ya ga dama, amma dogari ba shi da wanda zai ba shi irin wannan izni a Bariki.

Jirgi da mota da takardar kamu

Muddin ɓarawo da mai binsa duk a ƙafa su ke, ko bisa doki, tsarin nan ya isa. Jirgin ƙasa ne ya ɓata lissafi. Ya iso Kano cikin 1911, zuwa 1930 ya kai Jos da Ƙauran Namoda da Nguru, motocin gyaɗa suka bi bayansa. Mutum ya yi sata a Gusau da dare, gari na wayewa yana Zariya, ya ratsa lardi uku ba wanda ya tambaye shi sunansa. Dogarin da ba ya karatun boko, ba ya buga waya, ba shi kuma da iko bayan rafin da ya raba ƙasarsu da ta maƙwabta, lalle an bar shi a baya.

An yi gyara ta fuska biyu. Wajen 1925 aka fara 'yan gadi a birnin Kano, masu kaki da fareti, daga baya tsarin ya bazu, sunan 'yan doka ya zauna musu, dogarai kuwa suka koma ga hidimar fada. Don a ɗaukaka aikin daga sunan bauta, sai aka riƙa naɗa 'ya'yan sarakuna shugabancinsa. Usman Nagogo ya riƙe 'yan dokan Katsina kafin ya zama Magajin Gari, sa'an nan Sarki cikin 1944. Ado Bayero ya yi Wakilin Doka a Kano har 1962, shekara guda kafin sarautarsa. Ta ɗaya fuskar kuma, ran 1 ga Afrilu 1930 aka haɗa 'yan sandan Arewa da na Kudu suka zama runduna ɗaya, hedkwatarta a Ikko. Tun daga ranar nan aka sami mai kamu wanda huruminsa Nijeriya ce duka, daga Badagiri har Tafkin Cadi. Ɗan doka kuwa yana nan inda dogari ya bar shi.

Game da wanda ya tsere daga wata En'e zuwa wata, tsohuwar wasiƙa ce ta sake riga. Maimakon ta tafi daga fada zuwa fada, sai ta bi ta ofishin Di'o da na Razdan, ko a buga waya, 'yan dokan can su yi kamun, na nan su je su taho da shi. Turawa ba su ga baƙon abu a cikin wannan ba, domin a ƙasarsu ma haka a ke yi. A Ingila ɗan sandan ƙauye ikonsa a yankinsa ya ke, takardar kamun da mai shari'ar wata gunduma ya bayar kuwa ba ta aiki a wata sai mai shari'ar can ya sa hannu a bayanta. Sai dokar 1964 ce ta ba kowane ɗan sandan Ingila da Wales iko a ko'ina cikin ƙasashen biyu. Dokar masu gudun laifi ta 1881 ta shimfiɗa wannan sa hannu a bayan takarda bisa ƙasashen da ke ƙarƙashin Ingila, har ya zama wanda ya ci amana a Kano ya ɓuya a zangon Kumasi ana iya bin sa da takarda. Mai karatu zai lura, malamin Malikiyya da lauyan Ingila, ko da ya ke ba makaranta ɗaya suka yi ba, sun tsaya bisa magana ɗaya: wanda ya ba da umurni a can, sai mai iko a nan ya karɓa ya mai da shi nasa tukuna.

Iyakar Faransa

Akwai iyakar da sa hannun Joji ba ya buɗe ta, ita ce wadda ta raba ƙasar Ingilishi da ta Faransa. An yi ta cinikinta a Turai cikin 1890 da 1898 da 1904 da 1906, sa'an nan daga 1906 zuwa 1908 Kyaftin Tilho da Manjo O'Shee suka bi ta suna kafa alamu 148 daga Kwara zuwa Tafkin Cadi. Ta raba Katsina da Maraɗi, ta raba Daura da Damagaram, ta bar dangi a kowane gefe. Talakawa ba su daɗe ba suka gane amfaninta. Wanda aikin tilas na Faransa ya dame shi ya gangaro kudu, wanda haraji ko jangali ya matsa wa a nan ya haura arewa, mai binsa kuwa tilas ya ja linzami a gindin alama.

Labarin Satiru ya nuna nauyin wannan iyaka tun ba a gama kafa alamunta ba. A ƙarshen 1905 aka yi wa Faransawa tawaye a ƙasar Zabarma. Da suka murƙushe shi, wani malami da a ke kira Ɗan Makaho ya tsere ya shigo ƙasar Sakkwato, ya sauka Satiru, kamar mil 14 kudu da birni. Faransawa ba su da ikon bin sa. Ran 14 ga Fabrairu 1906 mai riƙon Razdan na Sakkwato ya tafi da sojan doki don ya yi kamu a garin, mutanen gari suka far musu, aka kashe Turawa 3 da soja fiye da 20. Ran 10 ga Maris aka komo da runduna aka rushe garin, aka kashe mutane wajen 2,000. Ɗan Makaho kuwa ba a mayar wa Faransawa shi ba. A Sakkwato aka yi masa shari'a, zamanin Sarkin Musulmi Attahiru na biyu, a nan aka kashe shi. Hukumar da ya fara yi wa tawaye ba ta sami ko ganinsa ba.

Siyasa ta shiga

Har zuwa 1950 maganar hurumin ɗan doka maganar ɓarayi ce da masu gudun haraji. Da aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano ran 8 ga Agusta 1950, kuma NPC ta zama jam'iyyar da yawancin sarakuna da ma'aikatan En'e ke goyon baya, sai abin ya sake fuska. En'e ke ba da iznin taro, 'yan dokanta ke kamu, alƙalinta ke shari'a, Yarinta ke tsaro. Ɗan hamayya da ya faɗa wannan hannu ba shi da ƙofar fita sai ɗaukaka ƙara. A nan iyakar da ma'aikata ke kuka da ita ta zama mafaka, domin wanda aka matsa wa a ƙasar wani sarki ya kan koma wata ƙasar ya sha iska. En'e kuma ta kan mai da iyakar makami. Wanda ta gaji da shi sai ta fitar da shi bayanta, kamar yadda aka yi wa Gambo Sawaba a farkon shekarun 1950, aka ɗaure ta a Kano, daga baya aka fitar da ita daga ƙasar aka mayar da ita Zariya.

Ƙananan kabilu da 'yan hamayya sun kai kukansu gaban hukumar bincike ta Sir Henry Willink, wadda ta ba da rahotonta cikin 1958. Hukumar ta fi karkata ga runduna ɗaya ta Tarayya, amma shugabannin Arewa da na Yamma ba su yarda su saki nasu ba. Aka yi sulhu. Tsarin mulkin 1960, da na 1963 bayansa, ya kafa 'Yan Sandan Nijeriya don ƙasa duka, sa'an nan ya yarda Jiha ta bar En'e ko ƙaramar hukuma ta riƙe 'yan dokanta, bisa sharaɗin a cikin lardinsu za su yi aiki. Ta haka iyakar ɗan doka ta shiga babbar dokar ƙasa.

A cikin 1960 ɗin kuma Jihar Arewa ta sami sabuwar dokar laifuffuka da ta tsarin shari'arsu. An tsara su bisa shawarar masanan da aka tara cikin 1958 ƙarƙashin Sayyid Muhammad Abu Rannat, Babban Jojin Sudan, aka ɗauki samfurin Sudan, wadda ita ma daga Indiya ta ɗauko. Dokar tsarin shari'ar ta yarda wanda ke da ikon kama mutum ya bi shi zuwa wani yanki don ya kama shi, ta kuma shimfiɗa yadda za a yi da takardar kamun da za a zartar a wajen hurumin kotun da ta bayar. Tsakanin Jiha da Jiha kuwa dokar Tarayya ta ce sai majistaren inda mutumin ya ke ya sa hannu bisa takardar. Bin sawu da wasiƙar alƙali ke nan, sun komo cikin sassa masu lamba.

Rushewar iyakar gida

Soja suka karɓi mulki cikin Janairu 1966. Gwamnatin Janar Ironsi ta sa 'yan dokan En'e ƙarƙashin umurnin Sufeto Janar, ta kuma naɗa kwamiti a hannun Yusuf Gobir don ya duba makomarsu da ta gidajen Yari. Kwamitin ya ba da shawara a haɗe su da na Tarayya, Gwamnatin Janar Gowon ta karɓa. Cikin 1967 aka raba ƙasa jihohi 12, aka kuma soke kotunan sarakuna. Cikin 1968 gidajen Yari suka koma hannun Tarayya, daga shekarar nan zuwa farkon shekarun 1970 aka tace 'yan doka, waɗanda suka cancanta suka sa rigar ɗan sanda, sauran aka sallame su. Tsarin mulkin 1979 ya rufe ƙofar, ya ce ba za a kafa wata rundunar 'yan sanda ba bayan ta Tarayya, na 1999 ya maimaita a sashi na 214.

Ribar wannan a fili ta ke. Rafin da ke tsakanin ƙasar Kano da ta Zazzau ya daina zama garkuwar ɓarawo, ɗan hamayya kuma ya daina tsoron mai kamun da hakiminsu ya ɗauka aiki. Amma an biya kuɗinta. Ɗan doka ya san gidan kowa, ya san wanda ya kwana a gari da wanda bai kwana ba, in kuma ya yi zalunci an san ƙofar da za a kai ƙararsa. Wanda ya gaje shi ana iya kawo shi daga nisan mil 600, ba ya jin harshen mutanen da ya ke tsaro. Tun da huruminsa ƙasa ce duka, yana iya ɗauko mutum daga garinsu ya kai shi babban birni, inda ba shi da dangin da za su tsaya masa, ba shi da mai kawo masa abinci. Dokar da ta rage ta kāre irin wannan mutum ita ce ta sashi na 35 na tsarin mulkin 1999, wadda ta ce a kai wanda aka kama gaban kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotun da ta dace cikin nisan kilomita 40, in babu, cikin kwana biyu. Da, faɗin ƙasa a ke aunawa don a taƙaita hannun mai kamu. Yanzu an koma ƙidayar kwana.

Iyakar waje kuwa tana nan daram. Wanda ya ƙetare ta sai a nemi a miƙo shi bisa yarjejeniya, irin wadda ƙasashen Afirka ta Yamma suka sa wa hannu a Abuja cikin 1994. Abin da kan faru in an bar wannan hanya ya bayyana ga duniya ran 5 ga Yuli 1984, sa'ad da aka sace Alhaji Umaru Dikko, tsohon Ministan Sufuri, a ƙofar gidansa a Landan, aka same shi a sume cikin akwati a filin jirgin sama na Stansted. Gwamnatin soja ta lokacin ta ce ba hannunta. Kotun Ingila ta ɗaure mutum 4, ƙasashen biyu suka yi shekara biyu ba manyan jakadu tsakaninsu, Dikko kuwa bai komo ta wannan hanya ba.

Abin da tarihin ya bari

Maganar ba ta mutu ba. Jihar Kano ta kafa hukumar Hisba da doka cikin 2003, jihohin Yarbawa suka kafa Amotekun cikin 2020, kowace ikonta a bakin iyakar jiharta ya tsaya. Cikin Fabrairu 2024 Shugaban Ƙasa da gwamnoni suka yarda a duba yiwuwar 'yan sandan jihohi. Duk inda aka ba jiha nata masu kamu, tambayar da Sarkin Dogarai ya sani za ta komo da ƙafarta: ɓarayin shanu sun fita daga Zamfara sun shiga Katsina, mai binsu ya tsaya ko ya wuce? In ya wuce ya kama, wa zai miƙa wa?

Waɗanda suka riga sun ba da amsa sau uku, cikin Larabci da Turanci da al'adar gari, amsar kuwa ba ta saɓa ba. A bar mai bin ɗanyen sawu ya wuce, kada iyaka ta zama gidan ɓarawo. In sawu ya bushe, takarda ta tafi, mai ikon wurin ya sa hannu. Wanda aka kama kuma a fara kai shi gaban mai shari'ar inda aka kama shi, a tabbata shi ne a ke nema, kafin a ɗauke shi zuwa wani wuri. Hausawa sun ce rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. Sharuɗɗan nan uku an yi su ne don ranar mai kaya ta zo, kuma in ta zo kada ta faɗa kan wanda bai ɗauki kome ba.